Bashin gida ko tafiyar hutu da yara: ina zan kai rarar albashina?

Assalamu alaikum Anti. Shekara uku ke nan da rabuwarmu da baban yarana. Ni ke riƙe da su, mace mai shekara 10 da namiji mai shekara 6. Da aka raba abin da muka mallaka na samu na riƙe gidan, amma bashin bankin da muka saye shi da shi ya dawo wuyana ni kaɗai. Saura 120,000, ruwansa kashi 5 cikin 100, wa'adinsa shekara 20, duk wata ina biyan kusan 792. Bayan na gama hidimomi nakan samu rarar 200, kuma tun bara nake zuba ta duka a kan bashin don in rabu da shi da wuri. Ajiyata ba ta kai albashin wata ɗaya ba. Baban yaran yana turo kuɗin ɗawainiyarsu, amma wani watan ya zo, wani watan shiru. Tun da muka rabu ban taɓa kai su ko'ina ba, shi kuwa bara ya kai su bakin teku kwana biyar, har yau labarin suke yi. Kwanan nan 'yata ta ce mini, "Mama, mu yaushe za mu yi tafiya tare da ke?" Na rasa amsa. Yayana ya ce yawo almubazzaranci ne ga mai bashi, ƙawata kuma ta ce ina cinye ƙuruciyar yarana saboda bulo da siminti. In na tura kuɗin banki sai in ji na tauye yara, in na yi tunanin tafiya sai barci ya gagare ni. Ki ba ni shawara.

Maman biyu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na taƙaita wasiƙarki, na sakaya garinku da sunan kuɗin ƙasar da kike, amma alƙaluman na bar su yadda kika turo, domin da su za mu yi aiki. Tambayar 'yarki ta sosa mini rai ƙwarai. Sai dai jimlar da ta hana ni wucewa ita ce wadda kika faɗa a gurguje kamar ba komai ba, cewa ajiyarki ba ta kai albashin wata ɗaya ba. Ki riƙe ta, zan dawo kanta.

Da farko, sannu da ƙoƙari. Mace ta fito daga mutuwar aure da yara biyu, ta riƙe gida, tana biyan banki a kan lokaci, har tana da rara a ƙarshen wata, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake na san ba kowa ke tsayawa ya faɗa miki ba. Na kuma fahimci abin da ya sa kike gudu da kuɗin nan zuwa banki. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake. Kin taɓa ganin abin da kike tsammanin ya kafu ya rushe, yanzu kina son abu ɗaya tak wanda ba mai iya ƙwace muku. Wannan tsoron halal ne. Abin da nake so mu duba shi ne ko hanyar da kika ɗauka tana kai ki ga kwanciyar hankalin da kike nema.

Mu yi lissafi, don yayanki yana da gaskiya a wani wuri kuma bai kamata mu danne ta ba. A cikin 792 da za ki biya a watan nan, 500 kuɗin ruwa ne, 292 kaɗai ke taɓa uwar bashin. Haka bashin gida yake a shekarunsa na farko, ruwa ne ke cin kaso mafi tsoka, sai a hankali abin ke juyawa. Shi ya sa ƙarin da kike yi yake da tasiri, don shi kai tsaye yake sauka a kan uwar kuɗin, kuma duk abin da ya rage daga uwar kuɗin ba zai sake haifar ruwa ba. Idan ruwan ya tsaya a kashi 5 kuma ba ki ƙara komai ba, za ki gama a shekara 20, kin biya ruwan da ya kai 70,000. Idan kika ci gaba da ƙara 200 duk wata, za ki gama a shekara 14 da 'yan makonni, ruwan ya sauko zuwa kimanin 47,300. Kin tsira da kusan 22,800 ke nan, da shekara shida. Ba wanda zai raina wannan.

To ga abin da nake so ki lura da shi. In kika raba rarar biyu, 100 ga bashi, 100 ga wani abu, za ki gama a shekara 16 da rabi, ki tsira da kimanin 13,700. Wato rabin kuɗin ya kawo miki kashi 60 cikin 100 na amfanin. Ɗari ta farko ta fi ta biyu aiki. Bambancin da ke tsakanin zuba duka da zuba rabi shekara biyu da rabi ne, da kusan 9,000 da za su bazu a tsawon shekarun nan, kuma ki tuna cewa hauhawar farashi tana cin darajar kuɗi, abin da 9,000 za ta saya nan da shekara goma sha biyar bai kai na yau ba.

Yanzu ki ɗora shekarun yaranki a kan lissafin nan. In kin matse kin gama a shekara 14, 'yarki tana da 24, ƙanenta 20. In kin sassauta kin gama a 16 da rabi, tana da 26, shi 22. Ta kowace hanya kika bi, ranar da banki zai sakar miki takardun gida babu yaro a cikinsu. Shekarun da yarinya za ta riƙa rataye a hannunki tana tambayar yaushe za ku yi tafiya tare kuwa ƙididdigaggu ne. Nan da shekara biyar ko shida ƙawayenta za su fi ki kasuwa a wurinta, ba don ta daina son ki ba, haka girma yake. A nan ƙawarki ta fi yayanki gani, ko da yake maganar bulo da siminti ta yi tsauri. Rufin da ke kan yara ba abin rainawa ba ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma su biyun duk sun tsallake abin da ya fi damuna. Kin kawo mini tukwane biyu, bashi da tafiya, alhali akwai ta uku da ya kamata a fara cikawa, wato asusun ko-ta-kwana. Gidan da ke da manya biyu masu albashi, in ɗaya ya rasa aiki ko ya kwanta ciwo, ɗayan zai ja ragamar kafin a farfaɗo. Ke kuwa ke ce ginshiƙin, ke ce rufin. Kuɗin da kika ƙara wa banki ya shiga bango, ba ya fitowa da sauƙi. A ce kin shekara uku kina ƙara 200, sai aiki ya tsaya na wata huɗu. A yawancin yarjejeniyoyi banki zai nemi 792 ɗinsa na watan nan cif, kamar ba ki taɓa ƙara ko sisi ba. Wasu bankuna kan yarda a ɗan dakata da biya gwargwadon ƙarin da aka yi a baya, amma wannan sai in yana rubuce a takardarki, kuma galibi sai da amincewarsu. Idan mota ta lalace ko rufi ya fara zuba, babu ajiya, sai ki koma ga katin bashi, wanda ruwansa kan ninka na bashin gida sau uku ko huɗu. Kin ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da ke raba mutane da gidajensu shi ne kasa biyan na wata-wata, tsawon shekarun da suka rage ba ya korar kowa.

Saboda haka, shawarata ta farko ita ce ki sassauta ƙarin nan na ɗan lokaci ki gina ajiya. Masu ba da shawara kan kuɗi sun saba cewa a tanadi abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida, kuma ga mai albashi ɗaya gwamma a karkata wajen shida. Na san da rarar 200 wannan dutse ne mai tsawo, don haka ki sa wa kanki zangon farko da ido zai iya hangowa: kuɗin bashin gida na wata uku, kusan 2,400. In kina ware 130 duk wata za ki kai a shekara ɗaya da rabi, ko ƙasa da haka tun da kina da ɗan abu a hannu. Kada ki ɗauka asara kike yi. Idan asusun ajiyar yana ba ki kashi 4, bashin yana cin kashi 5, bambancin a kan 2,400 bai wuce 24 a shekara ba. Da 24 za ki sayi barcin da kika ce yana gagarar ki. In ma aka yi sa'a ajiya tana biyan fiye da ruwan bashinki bayan an cire haraji, to ajiyewa ta fi ƙarawa riba tun daga tushe. Ga waɗanda ba sa mu'amala da ruwa suka sayi gida ta tsarin musharaka, inda banki ke da kaso a gidan ana biyan shi haya ana sayen kason a hankali, maganar ɗaya ce: ƙarin kason da aka saya yana rage haya, amma shi ma ba ya dawowa aljihu ranar buƙata.

Sauran 70 ɗin fa? Ki sa 50 a asusun tafiya, ki bar 20 tana tafiya kan bashin. Wani zai ce 20 me za ta yi, a haɗa ta da ajiya a huta. A lissafi yana da gaskiya. Ni dai na bar ta ne saboda ke, don na lura ƙarin nan ya zame miki abin da ke kwantar da hankali, kuma ɗabi'ar da aka yanke gaba ɗaya tana wuyar dawowa. Ranar da ajiya ta kai zangon farko sai ki juya rabon, misali 100 ga bashi, 60 ga tafiya, 40 ta ci gaba da kumbura ajiya. Ki sa banki ya riƙa cire kowanne da kansa washegarin shigar albashi, kowanne a asusunsa da sunansa, don kada ki riƙa sake wannan shari'ar da zuciyarki duk ƙarshen wata. Gajiyar da ke cikin wasiƙarki rabinta daga nan take.

Kafin ki taɓa komai, ki zauna ki amsa wa kanki tambayoyi biyu. Rarar 200 ɗin nan, da kuɗin baban yara a ciki ko babu? In har sai ya turo take fitowa, to ba rara ba ce tukuna. Ki gina kasafinki a kan albashinki kaɗai, abin da ya turo ya zama ƙari. Sannan akwai wani bashi a kanki bayan na gida, na kati ko na mota? In akwai, shi ne gaba da komai in ban da ɗan abin ko-ta-kwana, don babu hikima a kashe bashi mai kashi 5 a bar mai kashi 20 yana girma. Haka kuma, in wurin aikinki yana ƙara wa ma'aikaci kuɗi a fansho gwargwadon abin da ya zuba, kada ki bar wannan ya wuce ki. Kuma tun da yara biyu sun dogara da numfashinki da lafiyarki, ki bincika inshorar da za ta biya bashin ko ta maye gurbin albashi in wani abu ya faru. Ba fata nake miki ba, Allah ya ba ki tsawon rai.

Sai ki kira bankin, da takardar yarjejeniya a gabanki. Ki tambaye su nawa aka yarda ki ƙara a shekara ba tare da tara ba. A Birtaniya, misali, bankuna da yawa suna barin a ƙara har kashi 10 cikin 100 na bashin a shekara lokacin da ruwan yake a tsaye, wato an ƙayyade shi na wasu shekaru ba ya hawa ba ya sauka, abin da ya haura nan sai a ci tara. Ƙarinki bai kusa da wannan iyakar ba, amma gara ki ji daga bakinsu. Ki tabbatar ƙarin yana sauka kan uwar bashi nan take, ba ajiye shi ake yi a matsayin biyan watan gaba ba. Ki kuma tambaya me suke yi da shi: rage shekaru ko rage abin da kike biya duk wata. Rage shekaru ya fi rage ruwa, kuma a kansa na gina lissafin da na yi miki. Rage na wata-wata kuwa yana sassauta miki wuya yanzu, wanda ga mai albashi ɗaya ba abin ƙi ba ne. Tambaya ta ƙarshe, in kashi 5 ɗin nan na ƙayyadadden lokaci ne, yaushe wa'adinsa zai ƙare? In za a sake ciniki nan da shekara ɗaya ko biyu, ruwan zai iya hawa ko sauka, kuma bankuna kan sassauta wa wanda bashinsa ya yi ƙasa idan aka gwada da darajar gidan. In kin ga bashinki yana dab da saukowa matakin da banki zai sassauta miki ruwan, lokacin ne ya dace ki kwashi wani abu ki zuba a dunƙule.

Mu koma kan mutanenki. Yayanki tsoro yake ji miki, kuma maza da yawa in sun ji tsoro faɗa ne ke fitowa daga bakinsu. Ba sai kin yi musu da shi ba. Ki nuna masa tsarin a rubuce, ki ce, "Yaya, bashin ina biya, ajiya ina yi, wannan kuma na yara ne." Wanda ya ga alƙaluma bakinsa kan yi sanyi. In bai yi ba, ki gode masa ki ci gaba, ba shi ke kwana da lissafin nan ba.

Baban yaran kuwa, akwai abin da zan faɗa miki ko da ba zai yi daɗi ba. Na ji ɗan ƙuna a yadda kika ambaci kwana biyar ɗin bakin teku, kuma ban ga laifinki ba. Ke ce mai tashin asuba, mai aikin makaranta, mai zaman asibiti, shi kuma ya zo ya kwashe labari mai daɗi da tafiya ɗaya, alhali kuɗin ɗawainiya ma ba kullum suke zuwa ba. Duk da haka, kada tafiyarki ta zama ramuwa. In kika shiga gasa da shi za ki kashe abin da ba ki da shi, yara kuma suna ganewa in an mai da su filin kokawa. Ki bar su su ji daɗin abin da ubansu ya yi musu, haƙƙinsu ne. Maganar da ke tsakaninki da shi ita ce ta kuɗin da ke zuwa yau gobe shiru. Ki nemi ku tsayar da adadi da rana a rubuce, ya sa banki ya riƙa turowa da kansa. In lalama ba ta yi ba, ki nemi mai shiga tsakani ko hukumar da ke kula da wannan a inda kike. Daidaituwar kuɗin nan kaɗai za ta iya warware rabin matsalar da kika kawo mini.

Ki sake sauraron abin da 'yarki ta ce. Ba ta ce bakin teku ba, ba ta ce jirgin sama ba. Cewa ta yi "tare da ke". Tana son ta ga mamanta a wurin da babu wanki, babu waya daga wurin aiki, babu "ku yi sauri mun makara". Wannan 600 ɗin da 50 ɗinki za ta tara a shekara za ta iya sayen sa, in an yi daidai ruwa daidai tsaki: kwana biyu ko uku a wani gari da mota ko jirgin ƙasa zai kai ku, a masaukin da za ku iya dafa abinku. Ki sani cewa kamfanonin shirya tafiye-tafiye galibi suna yanka farashi ne a kan manya biyu a ɗaki ɗaya, kuma garaɓasar da ake tallatawa ta yaro kyauta sau da yawa sai da manya biyu masu biya, don haka uwa ita kaɗai takan ga lissafin ya fi abin da aka rubuta a talla. Farashi kuma yana tashi lokacin hutun makaranta, wanda shi ne lokacin da kike da shi. Maganin duka biyun shi ne kama wuri da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya, ko ki haɗa kai da wata uwa mai yara ku kama gida ɗaya ku raba kuɗin. Wannan na biyun yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: za ki samu wanda zai duba yara na awa ɗaya ki zauna ki sha iska, don tafiya da yara biyu ke kaɗai wani lokacin aikin gida ne aka sauya masa wuri. In kina son babbar tafiya, ki yi ta shekara biyu sau ɗaya, ƙanana a tsakani. Sharaɗina ɗaya ne, kada ki ci bashi don hutu. Abin da asusun ya tara shi ne iyakar tafiyar. In kuma wata rana za ku tsallaka iyakar ƙasa, ki nemi takardar amincewar babansu tun da wuri, don ƙasashe da dama suna tambayar ta ga wanda ke tafe da yara shi kaɗai.

Ki ba 'yarki amsa a makon nan, ba sai kuɗin sun taru ba. Ki zaunar da su biyun ki ce za ku yi tafiya a hutu kaza, ga abin da kuke da shi, ga wurare biyu ko uku da zai iya kai ku, su zaɓa. Ki manna takarda a bango su riƙa shafa launi duk watan da kika zuba 50. Mai shekara 10 ta isa ta fahimci cewa abu ana tara masa ne, amma kada ki ɗora mata labarin bashin banki, wannan kayanki ne. Idan kin yi magana da bankin kika ji wani sharaɗi da ya rikita ki, ki sake rubuto mini da kalmomin da suka yi amfani da su mu warware tare, ki kuma gaya mini wurin da yaran suka zaɓa.